Shekaru Huɗun da Na Zaunar da Ke

Safana,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ɗiyata Rabi, wadda nake kira Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki kin isa Katsina lafiya, an ba ki ɗaki, kin ajiye kaya, kin huta gajiyar mota. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu tausayi. Innarki tana gaishe ki, yayanki Nasiru ma haka.

Ina rubutun nan ne tun kina gida, saura kwana uku ki tafi. A shago nake yi da rana, in ciniki ya lafa. Zan ba Innarki ta cusa miki cikin jaka. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Wuraren da na yi kuskure a kan lafiyarki nake so in rubuta, saboda daga yanzu ke za ki kula da jikinki, babu mai tuna miki magani, babu mai duba kwanonki. Sunan mahaifiyata kika ci, kin kuwa san ba na iya zama gabanki in yi doguwar magana. Takarda ta fi mini sauƙi.

Kina da shekara goma sha ɗaya muka bar ƙauyenmu na ƙasar Ruma. Ban san ko kina tuna yadda kike a can ba. Siririya ce ke, ƙafafunki kamar na barewa. Ke ce mai kai mana fura gona, tafiya mai nisa, ki dawo ki ɗauki tulu ki tafi rijiya. Da kaka ki yi roron wake, ki yi tsinkar gyaɗa, da marece ki kama taɓarya ku yi surfe da Innarki. Ban taɓa kai ki asibiti a can ba, sai sau ɗaya da kunama ta harbe ki. Nasiru ya girme ki da shekara biyu, amma in kuka yi tsere daga bakin kuka zuwa ƙofar gida ba kullum yake cin ki ba.

Kin san abin da ya tashe mu. An kore mana shanu, muka haƙura. Sai aka ɗauke ɗiyar maƙwabcinmu a hanyar rafi, yarinya sa'arki. Ta dawo bayan makonni, amma ni tun ranar da aka ɗauke ta na gama shawara. Muka kwaso abin da mota za ta iya ɗauka muka zo Safana, na buɗe shagon tireda a bakin titi.

Da muka zo nan sai na hana ki fita. Ban zauna na tsara shi ba, a hankali ya zama doka. Ruwa, 'yan garuwa ke kawowa. Hatsi, Nasiru ke kaiwa inji. Aike, Nasiru. Makarantarku tana nan kusa, tafiyar da ko zufa ba za ta sa mutum ba, amma kullum a kan babur nake kai ki, in ɗauko ki. Daga aji sai tsakar gida, tsakar gidan da in kika yi taku goma kin kai bango. Shi kuwa Nasiru ban taɓa tambayarsa ina ya je ba. Yana buga ƙwallo har magariba, da damina yana bin abokansa aikin gonakin mutane, yana dawowa jikinsa duk ƙasa, in ce madalla.

Wata rana kina aji ɗaya na sakandare kika same ni ina alwala, kika durƙusa kika ce, "Baba, malamarmu ta ce in shiga cikin masu gudu. Ta ce na iya."

Na ce, "Gudun da muka yi daga Ruma bai ishe ki ba?"

Kika tashi kika shiga ɗaki. Ba ki sake yi mini maganar ba. A lokacin ina ganin na ba da amsa mai kyau, har na maimaita ta ga abokaina a majalisarmu ta bakin kasuwa suka yi dariya. Tsoro ne ya sa ni, kuma tsoron yana da dalili. Amma abin da nake tsoro yana daji, ni kuma na tsare ki daga filin makaranta da ke tsakiyar gari, da malamai a kewaye. Don haka in tsoro ya sa ki yanke wata shawara, bayan 'yan watanni ki sake duba ta, ki gani ko har yanzu tana da amfani. Ni shekara huɗu ban sake duba tawa ba.

Na san na tauye ki, ko da ban faɗa ba. Sai na shiga biyan ki da abin da ke hannuna. Kullum in zan taso daga shago sai na riƙo miki wani abu: lemon kwalba, biskit, alawar madara, burodi mai zaƙi. Da safe shayinki ya fi na kowa kauri, ni da kaina nake ƙara miki cokali biyu na suga. Nasiru ya taɓa yin ƙorafi, na ce masa ai shi yana fita yana shan iska, ke kuwa wannan ne naki. Kika fara cika, kumatu suka fito, matan unguwa suna cewa birni ya karɓe ki. Ina jin daɗin maganar, domin mutumin da ya bar gonarsa da rumbunansa yana so a ga iyalinsa ba su rame ba. Ni ma a lokacin tumbi nake yi. Daga mai yin huɗar gona guda kafin azahar na koma mai zama a kan benci tun safe har isha'i, kwalba a gefena.

Za ki haɗu da masu nuna miki ƙauna ta wannan hanya. Ƙawa za ta sayo miki lemo, wata za ta kawo miki cincin daga gidansu. Ki karɓa da godiya, ki ba wani. Ba sai kin sha ba kafin a san kin yaba.

Kina shekara goma sha huɗu bayan wuyanki ya fara yin baƙi, fatar ta yi kauri kamar an shafa toka da mai. Innarki ta ɗauka dauɗa ce. Ta zaunar da ke a kan kujera 'yar tsugunno ta dirje wurin da soso da sabulun salo, da bai fita ba ta sa dutsen goge kaushi, har fatar ta ɗaye. Ina tsaye ina kallo. Abin da na ce shi ne, "Budurwa guda ba ta iya wanke wuyanta ba." A wannan lokacin ne kuma kike yawan kwanciya. Ki dawo daga makaranta ki miƙe a tabarma, a tashe ki sallar la'asar da ƙyar. Randa ba ta kwana da ruwa saboda ke, kina ta zirga-zirgar makewayi. Duk na gani. Na haɗa su wuri guda na kira su ragwanci. Na sha ce miki raguwa a gaban baƙi.

Ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙazanta ba. Na rubuta shi ne don ya zama a rubuce. In jikinki ya canza ta wata fuska da ba ki gane ba, kada ki fara da zargin kanki, kada kuma ki bari wani ya sa masa suna. Ki je a duba.

Ba don ke muka je asibiti ba, don ni ne. Ƙusa ta soke ni a ɗan yatsan ƙafa, ƙaramin ciwo, ya yi wata guda yana ruwa ya ƙi warkewa. Wani abokina ya ce in je asibitin Batsari. Suka gwada jinina, suka ce ciwon suga ne, suka kwantar da ni kwana biyar. A rana ta biyu kika biyo Innarki kawo mini abinci. Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke mini ciwon, Sista Rahila, 'yar wani ƙauye ce a bayan Batsari, Kirista, iyayenta manoma irin mu. Kin sunkuya kina zuba mini kunu, hijabinki ya zame, sai na ga ta daina abin da take yi.

Ta ce, "Baba, wannan ɗiyarka ce?"

Na ce ita ce.

"Tun yaushe wuyanta ya yi haka?"

Innarki ta yi saurin cewa, "Wallahi muna wankewa, Sista."

Ta ce, "Ba wanki yake so ba, Inna. Ku bar ni in gwada ta gobe da safe, kada ta ci komai kafin ta zo."

Aka gwada. Aka sake gwadawa bayan kwana biyu, likita ya duba. Suganki ya hau, bai kai nawa ba, amma ya wuce inda ya kamata. Suka ce a kawo Nasiru shi ma, tunda abin yana bin jini. Nasa lafiya lau. Da Sista Rahila ta faɗa mini sai na ce, "Ai dama, shi namiji ne."

Ta ja kujera ta zauna. Zan rubuta miki abin da ta ce gwargwadon yadda na riƙe, duk da kina wurin, don lokacin kuka kike yi, ban sani ba ko kin ji.

Ta ce, "Baba, ba mazantaka ta tsare shi ba. Ga ka nan namiji, ga ƙafarka. Me yake yi da rana?"

Na ce ƙwallo da aikin gona.

"Ita fa?"

Innarki ta ce, "Tana gida."

Sai ta kama damtsenta ta nuna mini. Ta ce duk abin da muka ci, tuwo ne ko shinkafa ko fura, yana komawa suga a cikin jini, kuma tsokar jiki ita ce wurin da mafi yawan sugan nan yake shiga a ƙone shi. Akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ke sa tsoka ta buɗe ta karɓa. Tsokar da ke aiki tana karɓa da sauƙi. Ta ce ba a nan ya tsaya ba, ita kanta tsokar in tana motsi tana sakin nata sinadaran cikin jini, su je su taɓa hanta da kitse da sauran sassa, su taimaka wa jiki ya daidaita sugan. Tsokar da aka ajiye ba ta karɓa sosai, ba ta kuma aika komai.

Na ce to me ya sa ya kama yarinya ƙarama haka, ai na ɗauka ciwon tsofaffi da masu kuɗi ne.

Ta ce lokacin balaga jikin kowane yaro, mace ko namiji, yakan yi ɗan taurin kai ga insulin na wasu shekaru, sannan ya sassauta. A shekarun nan namiji yakan ƙara tsoka, mace kuma jikinta yakan ƙara ajiye kitse, haka Allah Ya tsara, ba laifi ba ne. Amma shi ya sa yarinya take buƙatar motsi a daidai lokacin, ba ƙasa da yaro ba. Ta ce, "Mu kuma a nan lokacin ne muke cewa ta girma, ta zauna. Ga gado daga wurinka, ga zama, ga zaƙi. Ka bar ta ta yi tafiya, Baba. Ka bar ta ta yi gudu in tana so."

Ban ji daɗin maganar ba. Na ga mace, wadda ban haifa ba amma na isa haihuwarta, tana gaya mini yadda zan riƙe gidana. Na ce mata ita ba ta san abin da ya koro mu ba. Ta ce ta sani, an ƙone rumbunan babanta a shekarar da ta gabata. Duk da haka ban sauko ba. Muka karɓi ƙwayoyi, nawa da naki, muka dawo Safana. Na rage miki zaƙi. Babur kuwa na ci gaba da kai ki a kai.

In wanda ya san aikinsa ya gaya miki abin da ba ki so, ki raba maganar da zafin da kika ji. Zafin zai wuce cikin kwana biyu, maganar kuma tana nan. Ni na riƙe zafin na yar da maganar, kusan shekara guda.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi muni, shi ma da hannuna na yi. Ranar wata kasuwar Batsari na je sarin kaya, na tarar da wani mai magani a bayan mota da lasifika, yana cewa yana da na suga, jarka biyu an rabu da shi har abada. Kalmar har abada ce ta kama ni. A asibiti an ce mana ciwon nan lallaɓa shi ake yi, ni kuwa ba na so in ji ɗiyata za ta rayu tana haɗiyar ƙwaya. Na sayo. Ruwa ne baƙi mai ɗaci, kina sha kina yamutsa fuska. Na ce ku ajiye na asibiti, kada a haɗa biyu. Innarki ta ce, "Malam, da dai an tambayi Sista." Na ce Sista ba ita ta haife ki ba.

Wata biyu kina shan shi. Kika fara ramewa, na ce ga shi yana aiki. Sai maruru suka fito miki a hammata da cinya, ɗaya na warkewa wani na fitowa, kika ce allo yana yi miki hazo a aji. Ranar da kika kasa tashi ki tafi jarrabawa Innarki ba ta nemi izinina ba. Ta sa mayafi ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Na tsayar da mota, za mu Batsari. In za ka zo ka zo." Na rufe shago na bi ku.

Suganki ya haura nawa a ranar. Kwana huɗu kika yi a kwance ana yi miki allura da ƙarin ruwa. Sista Rahila ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni me kika sha, na faɗa, ta rubuta. Sai ta ce, "Baba, kai ma ka ajiye naka?" Na ce a'a. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da rubutu. Sai a lokacin na lura da abin da na yi. Ni ban daina shan ƙwayoyina ba, don ina tsoron a yanke mini ƙafa. A jikinki na gwada maganin.

Kada ki ajiye maganinki don maganar kowa, ko da ni ne. A Katsina masu lasifika sun fi na nan yawa, wasu ma a waya za su same ki, da kalamai masu daɗi da ambaton Allah. Duk abin da aka ba ki, ganye ne ko gari, ki kai wa likita ya gani tukuna. In kin ga kina ramewa ba dalili, ko ƙishirwa ta dawo, ko ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa, kada ki jira hutu. Ki riƙa duba ƙafafunki in kin yi wanka. Kafin azumi kuma ki je ki tambaya yadda za ki sha maganin, ko ma in ya dace ki yi azumin a shekarar. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya, malamai sun faɗa, ni ne dai na ɗauke shi abin kunya.

Kunyar nan ita ce ta sa na ce kada ki gaya wa kowa. Ina tunanin gaba, kada a ce gidan Isiyaku akwai ciwo, masu neman aure su kauce. Kin tuna sunan da muka je a Yasore, gidan Gwaggonki Asabe. Ta buɗe miki lemo da hannunta, kika ce kin ƙoshi, ta ce, "Wato kun zama 'yan birni, abin hannunmu ya zama ƙazanta." Kika waiwayo kika dube ni. Kalma ɗaya daga bakina ta isa, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Sha mana, Uwata." Kika shanye.

Na janye wannan dokar. Ranar da kika isa ki gaya wa abokiyar ɗakinki, ki nuna mata inda kike ajiye magani da katin asibiti. Ki je asibitin makaranta ki gabatar da kanki tun kina lafiya. Wanda zai zo neman aurenki wata rana, ki gaya masa tun farko. In ya tafi saboda haka, ya rage mana wahala. Gwaggonki ma na gaya mata da sallar da ta wuce. Ta yi kuka, ta ce me ya sa na bari ta ba ki.

Ba ni na gyara abin ba, Innarki ce. Bayan kin dawo daga kwanciyar asibitin nan ta sa aka fito da turmin da muka zo da shi daga Ruma, wanda ya zama mazaunin kaji a bayan ɗaki. Ta wanke shi ta ce daga yau surfen gidan nan da hannu za a yi. Ranar farko ba ki yi luguden da ya kai ashirin ba kika zauna kina haki, tafin hannunki ya yi bororo. Ta ce gobe ma rana ce. Sannan wata safiya na tayar da babur ina jiran ki, sai ta leƙo ta ce, "Ta tafi, Malam. Da 'yan matan gidan Liman suka tafi, da ƙafa." Na kashe babur ɗin. Na bi bayanku daga nesa har na ga kun shiga ƙofar makaranta. Kwana uku ina yin haka, a na huɗu na bari.

A hankali abin ya sauka. Kowane wata in muka je gwaji sai a ga ya ɗan ragu, har likita ya rage miki ƙwaya. Baƙin wuyan ya dusashe da kansa. Ni da nake shan magani iri ɗaya da naki amma ina zaune a benci, nawa bai sauka kamar naki ba. Sista Rahila ta ajiye katunanmu biyu gefe da gefe ta ce in duba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ki. A makaranta babu turmi, babu rijiya, ga masu Keke Napep a kowace kusurwa. Karatu kuma zama ne. Ki nemi abin da zai sa tsokarki aiki kowace rana, ba sai ranar da kika ji nishaɗi ba. Ki tafi aji da ƙafa. Ki ɗebo ruwanki da kanki, ki yi wankinki. Bayan kin ci abinci kada ki kwanta, ki ɗan zaga ko sau biyu ne, Sista ta ce wannan lokacin ya fi amfani. In akwai filin da mata ke motsa jiki, ki shiga, da suturarki, ba ki buƙatar tambayata. Amma ki yi tafiyarki da rana, cikin mutane, tare da wata. Tsoron nan ban rabu da shi duka ba, kuma ba duka ne na banza ba. Abinci kuwa kin fi ni sani yanzu: wake, ganye, tuwon dawa daidai ciki, ban da tara yunwa a zo a cika tumbi da taliya a zama ɗaya. Abin da ya shafi canjin da kike gani a gwaji lokacin al'adarki, wannan ke da Innarki da likita ne.

Akwai maganar Nasiru. Bara da na saya masa babur ya fara acaɓa tsakanin Safana da Batsari, ya bar ƙwallo, ya bar gona. Yini yake a zaune a kan sirdi, abincinsa burodi da lemo a tasha. Rigunansa sun fara matse shi. Ina ganin haka wata da watanni ban yi magana ba, domin can cikin raina har yanzu ina cewa ai namiji ne, duk da abin da aka gaya mini, duk da ƙafata. Makon jiya na ce masa ya je a gwada shi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ni fa ƙarfe ne." Ba ya jin tawa a wannan fanni, kuma ban ga laifinsa ba. Taki yana ji. In kin kira shi a waya ki yi masa maganar, ba sau ɗaya ba.

Karatun malanta za ki yi. Wata rana za a ba ki aji, da yara maza da mata. In an tashi wasa za ki ga mazan sun ruga fili, matan sun zauna a gindin bishiya suna jira a koma. Ki tashe su. Wani uban zai zo ya yi miki faɗa. Ki ba shi kujera, ki yi masa bayani a hankali, kada ki raina shi. Mai yiwuwa akwai abin da ya gani wanda ba zai faɗa miki ba. Mai yiwuwa kuma ba zai yarda a ranar ba.

Lokacin da za ki karanta wannan kin riga kin ga abin da na yi ranar tafiyarki, wataƙila kin yi mamaki. Na gaya wa Nasiru ya kai akwatinki tasha a babur ya jira mu a can. Ni da ke da ƙafa za mu je, ta bakin kasuwa, ta gaban majalisar da na taɓa ba su labarin amsar da na ba ki a kan maganar gudu suka yi dariya. Ƙafata ba ta sauri yanzu, sai kin riƙa jira na. Ba zan ce komai a hanya ba, kin san halina. Abin da zan so in faɗa shi ne ki yafe mini.

Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a karatunki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya da na ciwo. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu. Ya dawo mana da ke muna raye. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki sa mu a addu'a.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isiyaku